Wai da gaske daga sama ake auna lakar kogin Kwara?

Ɗalibin Akoka: Assalamu alaikum jama'ar gida. Taimako nake nema amma bari in fara da bayani. Ina digiri na biyu a nan Jami'ar Legas da ke Akoka ɓangaren safiyo da taswira, aikina kuma a kan lakar da Kwara da Binuwai ke ɗaukowa ne, wannan jar ƙasar da ke sa ruwa ya koma kamar kunu da damina. Da hotunan tauraron ɗan'adam nake aikin, ina zaune a ɗaki ina kallon Lokoja a kwamfuta. To hoton shi kaɗai bai isa ba sai an ɗebo ruwan gaske an auna, ni kuma ba ni da kuɗin da zan riƙa zirga-zirga tsakanin Legas da Lokoja. Akwai mai bin hanyar a kai a kai, ko mai ɗan'uwa a can da ke da kwale-kwale?

Alhajin Kara: Wa'alaikumussalam. Ɗana ban gane ba. Kai kana Legas, tauraro na sama, kogi na Lokoja, ta ina laka ta shiga kwamfutarka? Yi mana bayani irin na mutanen kasuwa

Ɗalibin Akoka: Baba Alhaji ku ɗauka an ajiye muku bokiti biyu a rana, ɗaya ruwan rijiya mai kyau ɗaya ruwan da shanu suka dama. Daga nesa ma za ku gane su ai, don mai kyaun yana shanye haske sai ya yi duhu, mai lakar kuma yana maido da hasken sai ya yi fari-fari ko ja-ja. To abin da tauraron ke yi kenan, sai dai shi ba cewa yake wannan ja ne wannan fari ba, lamba yake ba kowane ɗigo na hoton, nawa ne hasken da ya dawo. Ya fi amfani da jan haske da kuma wani da ke gaba da ja wanda idonmu ba ya gani, infared. Ruwa mai tsabta kusan duka yake haɗiye wannan infared ɗin, in kuka ga ya dawo da yawa to akwai abu a cikin ruwan. Wanda na fi amfani da shi Sentinel-2 ne na Turai, na farko ya tashi 2015 na biyu 2017, suna sama wajen kilomita 786, duk kwana biyar suna bi ta kan wuri ɗaya, kowane ɗigo mita goma. Akwai Landsat na Amurka shi ɗigonsa mita 30, kamar fuloti biyu masu ƙafa 50 da 100 in an haɗe su. Kuma duk kyauta ne, data kawai za ka saka

Mai Tifa Badore: kyauta?? to wlh akwai abinda suke nema. bature baya bada abu a banza

Injiniya Apapa: Kyauta ne da gaske, Landsat ma da sayarwa ake yi sai 2008 suka buɗe wa kowa. Amma ƙanena ina so tun yanzu ka faɗa wa jama'a iyakar abin, kar su ɗauka tauraro na ganin har ƙasan kogi. Na yi shekaru ina aikin auna zurfin ruwa a tashar jiragen ruwa kuma na ga yadda matasa ke zuwa da taswira mai launi mai kyau su ce ga laka kaza ga laka kaza. Fatar ruwan kawai yake gani. A ruwa mai kauri irin na Lokoja a watan Satumba haske ba ya nitsewa ko mita ɗaya. Abin da ke yawo a sama laka ce mai laushi, yumɓu da garin ƙasa. Yashi mai nauyi, wanda shi ne ke cike hanyar jirgi ya kafa tsibiri, a can ƙasa yake tafiya yana birgima yana tsalle. Wannan ba tauraron da zai gan shi

Ɗalibin Akoka: Haka ne Yaya, ban musa ba ko kaɗan

Ɗan Yawuri: Salamu alaikum, ni dai da naga ana maganar launin ruwan Kwara na kasa yin shiru. Kifi nake sayarwa a nan amma a bakin ruwa aka haife ni, mahaifina masunci ne kakana ma haka. Mu a wajenmu ruwa biyu ke zuwa a shekara ba ɗaya ba. Akwai farin ruwa da ke zuwa da damina, daga wajen Agusta har Oktoba, yana da kauri kamar an dama fura, in ka sa hannu ba za ka ga yatsunka ba, in ka ɗiba a tulu ka ajiye da safe sai ka tarar laka ta kwanta a ƙasa. Sannan bayan damina ta wuce an yi girbi, sanyi ya shigo, babu ko ɗigon ruwan sama, sai kogi ya sake tasowa da wani ruwa mai duhu amma garau, shi muke cewa baƙin ruwa. Tsofaffi na kallon ruwa kawai su ce maka ga irin kamun da za a yi da irin komar da za a fitar. Ina yaro na tambayi babana daga ina baƙin ruwa ke zuwa tunda ba a ruwa, yace daga nesa, ƙasar da ba mu taɓa zuwa ba. To malam ɗalibi tauraronka na ganin wannan?

Ɗalibin Akoka: Allahu Akbar. Yaya wallahi wannan da ka faɗa shi ne a rubuce a littattafan da suka yi magana kan madatsar Kainji, da sunayen nan biyu, fari da baƙi. Kuma Baba ya yi gaskiya. Baƙin ruwa ruwan saman ƙasar Gini ne, can Kwara ta faro. Sai ya gangaro Mali ya shiga wata ƙatuwar fadama tsakanin Mopti da Tumbutu, ya bazu ya rage gudu ya yi watanni yana ratsa ciyawa da tafkuna, duk lakar da ya ɗauko sai ta kwanta a can, shi ya sa yake iso muku a makare wajen Disamba zuwa Fabrairu kuma a tace. Farin ruwan kuma namu ne na kusa, ruwan da ya wanke gonakin Sakkwato da Kabi da Zamfara ya biyo gulbi ya faɗo Kwara, da na rafukan da ke shigowa ta Nijar da Benin. A Yamai ma suna da nasu, jan ruwa suke ce masa saboda jar ƙasar da Sirba da sauran rafukan da ke fitowa daga Burkina ke kawowa. A hoto kuwa ana gani sarai, in ka jera hoton Oktoba da na Janairu na saman tafkin Kainji kamar ba ruwa ɗaya ba

Ɗan Yawuri: Ikon Allah. Yau shekara nawa da rasuwar babana sai yanzu na san sunan ƙasar da yake nufi. Allah ya jiƙansa

Alhajin Kara: Amin ya Allah

Antin Idi-Araba: Amin. Allah ya kai haske kabarinsa. Ni tambayata ta aiki ce. Ina ɗakin gwaji a wani kamfanin ruwan leda, kafin nan na yi horo a wajen tace ruwan famfo, kuma na san wahalar da ake sha in ruwan kogi ya zo da kauri, alif ɗin da za ka zuba ya ninka, matatai su toshe, a yi ta wanke su. Ruwan famfon Legas da ake tacewa a Iju da Adiyan ai daga kogin Ogun ake jawo shi. Ba za a iya amfani da hoton nan a san cewa ga ruwa mai laka nan tafe daga Abeokuta a shirya masa ba?

Injiniya Apapa: Hajiya a nan kam na'urarki ta auna kaurin ruwa da ke kan tebur ta fi tauraro sau ɗari. Ke duk awa za ki iya aunawa, shi sai bayan kwana biyar, kuma ranar da ya zo in akwai hadari shikenan an yi asara. Akwai mai zuwa kullum, MODIS, yana kan taurari biyu Terra da Aqua tun 1999 da 2002, amma ɗigonsa mita 250 ne, Ogun bai kai faɗin da zai cika ɗigo ɗaya da ruwa zalla ba, sai ya haɗa da gaɓa da bishiyoyi da rufin kwano ya ba ka lambar da ba ta ruwa ba ce ba ta tudu ba. Abin na manyan koguna ne

Antin Idi-Araba: To na ji. Amma don sanin yadda kogin ya canza cikin shekaru fa? Don mu da muke aikin muna jin tsofaffin ma'aikata na cewa da ruwan bai kai haka dauɗa ba, babu dai mai takarda a hannu

Ɗalibin Akoka: Anti kin taɓo inda ni zuciyata take. Wannan shi ne dalilin da ya sa na zaɓi aikin nan duk da abin da Yaya Injiniya ya faɗa gaskiya ne. Mu matsalarmu ba mu da tarihin awo mai ɗorewa. Tsayin ruwa ana aunawa a Lokoja da Makurdi da sauransu, hukumar NIHSA mai sa ido kan ruwan koguna na fitar da hasashen ambaliya duk shekara, amma awon laka sai ka samu na wasu shekaru a wata takarda, sai a yi tsalle, sai wani ya sake yi na wata shida don digirinsa ya tafi. Shi kuwa Landsat tun 1972 yake ɗauka, masu ɗigon mita 30 kuma tun shekarun 1980, babu ruwansa da an biya albashi ko ba a biya ba, an yi canjin gwamnati ko ba a yi ba. Ba za mu iya komawa 1990 mu ɗebo ruwa ba amma hoton da aka ɗauka a lokacin yana nan a ajiye. In na samu awo na gaske ko guda arba'in ne da suka dace da ranar da tauraro ya wuce, zan iya ɗaura lambar haske da nauyin laka, daga nan in waiwaya baya in karanta tsofaffin hotunan. Haka aka yi a Amazon. Masu bincike na Faransa da Brazil sun sa mutanen gari suna ɗebo ruwa duk kwana goma a tashoshi irin su Obidos shekara da shekaru, suka haɗa da MODIS, yanzu suna bin kogin da ke kai laka kusan tan biliyan ɗaya teku duk shekara, mafi yawanta daga duwatsun Andes. Ba wata na'urar sihiri suka fi mu ba, mutum ne da gora da kwale-kwale da bai fasa zuwa ba

Injiniya Apapa: Ka kawo misali mai kyau amma kar ka ɗauko lissafinsu ka manna wa Binuwai, na ga masu yin haka. Launin ƙasa ya bambanta, girman ƙwayar laka ya bambanta. Jar laka da farar laka masu nauyi ɗaya ba haske ɗaya suke maidowa ba. A Amazon ɗin ma a garin Manaus ga kogin Negro baƙi ƙirin kamar shayin da ba madara, saboda ruɓaɓɓen ganye, ga Solimoes ruwan ƙasa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kilomitoci ba su gauraya ba, lissafi ɗaya ba ya yi musu su biyun. Kogin Kwango shi ne na biyu a duniya wajen yawan ruwa amma lakarsa kaɗan ce ƙwarai in ka gwada da Amazon. Kowane kogi da halinsa. Sannan jan haske yana ƙoshi, in laka ta kai wani mataki ko ka ƙara ba ya ƙara haske, dole ka koma infared, to ka tabbata awonka ya haɗa da ranakun da ruwan ya fi kauri ba na rani kawai ba

Mai Tifa Badore: ni fa duk wannan turancin naku abu daya nake ji. ana so a riƙa leƙen masu haƙar yashi daga sama a zo a rufe mana wajen lodi. mu da yashin nan muke ci da iyali, tifa ɗaya mutum nawa ke ci a jikinta, direba, yaran mota, masu shebur, mai abinci. duk ginin da ake a Lekki da Ajah da me ake yinsa in ba yashin lagun ba. in an gama ginin kuma ace mune masu ɓata ruwa

Ɗalibin Akoka: Yaya ba zan ɓoye maka ba, ana ganin direja, wato injin haƙar yashi a cikin ruwa, a hoto. Inda take aiki ruwa na yin wani dogon jela fari yana bin igiyar ruwa, a Sentinel-2 yana fitowa. Amma ni ba aikina kenan ba kuma ba wanda ya aike ni

Mai Tifa Badore: kaji ko. ai na faɗa

Antin Idi-Araba: Malam mai tifa ka yi haƙuri, ba wanda ke son a taɓa abincin wani. Amma masuntan Epe da Ikorodu su ma iyali gare su, kuma suna kukan ruwa ya dame kifi ya gudu. In babu awo sai a yi ta rigima da baki, mai ƙarfi ya ci. In akwai awo ana iya cewa nan a haƙa nan a bari, wata kaza a huta. Kai ma ya fi maka a ce ga iyaka a sarari da a wayi gari a rufe ko'ina rana ɗaya

Mai Tifa Badore: anti in da haka ake yi ai da sauƙi. mu dai mun saba in doka tazo kan ƙaramin mutum take sauka, masu manyan direja ba a taɓa su

Injiniya Apapa: Wannan kukan naka gaskiya ne ban raina shi ba. Amma bari in gaya maka abin da ya sa maganar yashi ta shafi kowa a garin nan har da kai. Yashin bakin tekun Legas tafiya yake, igiyar ruwa na tura shi daga yamma zuwa gabas, daga wajen Gana ya bi Togo da Benin ya iso mana. Da Turawa suka gina katangun duwatsu a bakin mashigar tashar jiragen ruwa tsakanin 1908 da 1912 don kar yashi ya toshe hanya, sai yashin ya riƙa taruwa a ɓangaren yamma, Bar Beach da ke gabas ta rasa mai ciyar da ita, teku ya yi ta cinta shekara da shekaru har yana hawowa titin Ahmadu Bello, waɗanda suka daɗe a Legas sun gani da idonsu. A Gana an gama madatsar Akosombo a 1965 ta tare abin da kogin Volta ke kawowa, garin Keta ya sha zaizaya. Masar ma tun da aka gama babbar madatsar Aswan a 1970 lakar Nilu ke kwanciya a tafki, bakin tekunsu na ja baya. A kogin Mekong na Asiya madatsu ne a sama, haƙar yashi a ƙasa, gaɓa na zubewa da gidajen mutane. Ruwa in ka ƙwace masa kayan da ya ɗauko to zai ɗiba a wani wuri, ko ƙasan kogi ko gaɓa ko gindin gada. Mu kuma muna da Kainji tun 1968, Jebba, Shiroro a kan kogin Kaduna, ga Lagdo a Kamaru a kan Binuwai tun 1982. Kowacce tana riƙe laka a cikinta, wurin ajiye ruwa na raguwa a hankali, can ƙasa kuma Neja Delta na samun ƙasa da abin da ta saba. Nawa ne? A nan ne nake goyon bayan yaron nan duk da gardamar da nake masa, gara awon fatar ruwa na shekara talatin da babu komai

Alhajin Kara: To ni yanzu na fara kama zaren. Mu nan Kara, kasuwar shanu da ke bakin kogin Ogun, duk shekarar da aka saki ruwan dam ɗin Oyan sai mun kwashe dabbobi mun hau tudu, Isheri da Agiliti da wajen Mile 12 duk su sha. In ruwa ya janye abin da yake bari taɓo ne har gwiwa. Dattawan da suka riga mu zama na cewa kogin ya fi haka zurfi a da. Ko cikewa ya yi shi ya sa ruwa kaɗan sai ya fantsama? Sannan a 2016 akwai ranar da muka tashi muka tarar ciyawar ruwa da shara sun rufe kogin ruf a gindin gada har mutane na tafiya a kai suna ɗaukar hoto, wasu na cewa kogi ya ƙafe alhali ruwa na gudu a ƙasa. Wannan tauraro zai ce ruwa ne ko tudu?

Ɗalibin Akoka: Baba zai ce gona ce. Ganye kore yana maido da infared da ƙarfi sosai, fiye da kowace laka, in ban cire irin waɗannan ɗigon ba lissafi zai ce min laka ta yi tashin da ba a taɓa gani ba alhali kainuwa ce. Shi ya sa kafin komai sai na share ɗigon ciyawa, na gajimare da inuwarsa, na tsibirin yashi, da na ƙyallin rana a kan ruwa. Maganar cikewar kogi kuma hoto ba zai ba ku zurfi ba, sai an shiga jirgi da na'urar Yaya Injiniya. Abin da zai nuna shi ne yadda gaɓa ta matsa da inda aka cike fadama aka yi gini, wannan kam a wajenku ba sai an faɗa ba

Ɗan Yawuri: Malam wani abu, da damina ai kullum sama a rufe take, lokacin kuma farin ruwa ke zuwa. To yaushe zai ga ruwan?

Ɗalibin Akoka: Wannan ita ce babbar damuwata wallahi. Lokacin da kogi ya fi ɗaukar kaya shi ne lokacin da hoto ya fi ƙaranci. Akwai watan Agusta da zan duba hoto shida na Lokoja in rasa ko ɗaya mai kyau, fari fat. Sai in haɗa da Landsat 8 da 9, su biyun duk kwana takwas, ko Allah zai sa a dace da rana mai sarari. Akwai Sentinel-1 mai rada da ke ratsa gajimare dare da rana, da irinsa ake zana inda ambaliya ta kai kamar ta 2022, amma shi ba ya ganin launi, faɗin ruwa kawai. Da rani kuma ga hazo. Ƙurar hunturu ita ma haske take maidowa kuma kalarta kusan ta laka ce, in ba ka gyara ba sai ka ɗauka baƙin ruwa ya yi kauri alhali ƙurar da ke tsakanin tauraro da kogi ce. Manhajojin gyaran iska akwai su amma hazonmu na wahalar da su

Mai Tifa Badore: to ina namu tauraron da akace Najeriya ta harba, ko shima sai na bature

Injiniya Apapa: An harba NigeriaSat-1 a 2003, sai NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011, X ɗin ma injiniyoyinmu ne suka haɗa shi a Ingila a matsayin horo. Amma an ƙera su ne su yi 'yan shekaru kuma sun daɗe da wuce wa'adinsu. Ni a ganina ba tauraro ne ya fi yi mana ƙaranci ba tunda ga na kyauta, abin da babu shi ne mai zuwa bakin kogi duk mako da gora, da ɗakin gwaji mai sikeli mai kyau, da wanda zai adana lambobin kar su ɓace in ya yi ritaya. A 2009 aka ƙaddamar da yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, kilomita 572. Kogi kuwa ba ya daina kawo kaya don an yashe shi sau ɗaya, in ba ka san nawa yake kawowa a shekara ba ta yaya za ka san yaushe za ka dawo

Direban Tirela: Salam. sai yanzu na buɗe waya ina Ogere muna jiran lodi, na karanta tun daga sama. ni duk sati ina bin Lokoja zuwa Abuja in dawo, kuma ina da aboki a Ganaja mai jirgin inji yana ƙetarar da mutane Shintaku, tare muka yi makarantar allo. in ruwa ne kawai a gora ai ba wani abu bane. ko in tsaya a gadar Jamata in zura guga

Injiniya Apapa: A'a direba kar ka tsayar da tirela a kan gada saboda gorar ruwa, ranka ya fi digirinsa. A bar wa mai jirgi

Ɗalibin Akoka: Allah ya saka da alheri Yaya direba, wallahi ka cire min ƙaya. Ga yadda abin yake. Zan turo ranakun da tauraron zai wuce, wajen goma da rabi zuwa sha ɗaya na safe yake bi, in ya ga sama a rufe ranar ya bari kar ya ƙona mai a banza. Wuri uku nake so, cikin Kwara kafin mahaɗa, cikin Binuwai kafin mahaɗa, sai ƙasa wajen Ganaja, don a hoto ruwan biyu na tafiya gefe da gefe da nisa kafin su gauraya. A tsakiyar ruwa ba a gaɓa ba inda ake wanki da lodi. Gorar roba mai lita ɗaya, ya ɗauraye ta da ruwan wajen sau uku, ya nitsa ta kamar kamu ɗaya ƙasa da saman ruwa ta gefen da ruwa ke tahowa ba bayan inji ba. Ya rubuta rana da lokaci a jiki ya turo min lokeshan ta WhatsApp yana tsaye a wurin. Kuɗin mai da na wahalarsa ni zan biya daga ɗan abin da nake samu a aikin safiyo

Antin Idi-Araba: Kar gorar ta wuce kwana bakwai kafin a tace, kuma a sa ta a inuwa, in da hali cikin kula da ƙanƙara, in ta sha zafin mota gansakuka na tsirowa a ciki ta ƙara nauyi. In ta iso ka kawo min, zan nemi izinin oga in yi maka bayan an tashi aiki. Takardar tacewa ce za mu auna da farko, mu tace ruwan, mu busar a oben a zafin digiri 105 na Selsiyas, mu sake aunawa, bambancin shi ne miligiram nawa a lita. Takardun kai za ka saya don na kamfani a ƙirge suke

Ɗalibin Akoka: Anti na gode Allah ya bar zumunci, gobe zan shiga Ojota in tambayi kuɗinsu

Ɗan Yawuri: Direba ka gaya wa abokinka ya sa rigar ruwa dan Allah ko da ya iya iyo, farin ruwa ba a yi masa gadara, mun rasa mutane da yawa a Kwara shekarun nan. Malam ɗalibi in aikin ya yi kyau ka tuna da mu, ƙanena na can gida da jirginsa, in kana son na sama da Kainji shi ma zai ɗebo maka, motocin kifi na zuwa Legas duk mako

Mai Tifa Badore: ni dai in kun gama ku nuna min hoton Badore ɗin inga jelar da ake faɗa da idona

Ɗalibin Akoka: Zan turo maka na watan Janairu da dare in an kawo wuta, shi ya fi fitowa. Yaya direba ranar Talata mai zuwa ce ta farko, ka turo min lambar mutumin ta akwati in kira shi yau mu gaisa

Direban Tirela: to bari in fara kiransa tukun kar yaga baƙuwar lamba yaƙi ɗauka. gora nawa zan saya, uku ko shida?

Injiniya Apapa: Shida. Bibbiyu a kowane wuri, in ɗaya ta zube a hanya ko lambobin suka saɓa a san inda matsalar take